YANKAN MANGWARO A HANNUN JARIRI: DARASI DAGA ƘASAR YAURI

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa garin Yelwa tsakanin watan Maris da na Mayu zai tarar da mangwaro tuli-tuli a bakin hanya, da cikin kasuwa, da gaɓar kogi inda jiragen ruwa ke sauke albasa da kifi. A daidai wannan lokaci ne kuma zafin bazara ke kai maƙura, har ma'auni yakan nuna digiri 40. A gidaje da dama na Yauri da Ngaski da Shanga, uwa na can tana bandar kifi, ko surfe, ko turara shinkafa, saboda haka rainon jariri yakan faɗo a kan yayarsa ko wansa, wato ɗalibin da ya dawo daga makaranta. Ɗalibin na shan mangwaro, jariri ya miƙo hannu yana zillo, sai a gutsura a miƙa masa.

Wannan 'yar kyauta da ba a ɗauke ta a bakin komai ba tana iya zama alheri babba ga jariri, tana kuma iya zama sanadin gudawa ko shaƙewa. Abin da ke raba tsakanin alherin da sharrin abubuwa ne guda uku: laushin ɗan itacen, da siffar da aka yanka shi, da tsabtar da aka bi wajen shirya shi. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana dalilan kimiyya da ke ƙarƙashin waɗannan abubuwa uku, sannan a nuna yadda ake shirya wa jariri abin motsa baki da zai ci da hannunsa.

Yaushe jariri ke isa ya ci da kansa?

A shekarar 2001, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar cewa a shayar da jariri nonon uwa zalla har ya cika wata 6, ba ruwa, ba kunu, ba jiƙo. Daga nan sai a fara ba shi ƙarin abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Saboda haka duk abin da za a faɗa a wannan darasi bai shafi jaririn da bai kai wata 6 ba.

Cikar watanni kaɗai ba ta wadatar ba, sai an duba alamun jiki. Na farko, jariri ya iya zama da ɗan tallafi kaɗan ko ba tallafi, wuyansa kuma ya tsaya. Na biyu, ya iya kai hannu ya ɗauki abu ya sa a baki. Na uku, ya daina turo duk abin da aka sa masa a baki da harshe. Wannan turowa ɗabi'a ce da ake haihuwar jariri da ita domin ta kare shi, kuma takan ragu tsakanin wata 4 zuwa 6.

Hannun jariri ma yana da matakan girma. A wajen wata 6, damƙa yake yi da dukan tafin hannu, kuma abin da ya shige cikin dunƙulen ba ya iya fito da shi, sai dai ya tsotsi abin da ya leƙo waje. Shi ya sa a wannan mataki ake yanka masa abu dogo, mai tsawon yatsan babba. Sai wajen wata 9 zuwa 10 ne yake iya tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuniya. Jagororin ciyar da yara na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2003 sun nuna cewa yawancin jarirai na iya cin abincin riƙewa a hannu a wajen wata 8.

To, me ya sa za a bar jariri ya ci da kansa alhali yana ɓata jiki da tabarma? Dalili shi ne, a nan yake koyon haɗa aikin ido da hannu da baki, yana kuma koyon tauna. Har ila yau, yakan tsaya idan ya ƙoshi. Wata likitar yara a Amurka mai suna Clara Davis ta wallafa sakamakon bincikenta a 1928 da 1939, inda aka riƙa ajiye wa yara 15 nau'o'in abinci masu gina jiki a gabansu, kowa ya zaɓi abin da yake so da adadin da yake so, kuma suka girma lafiya. Darasin da aka ɗauka daga nan shi ne, aikin babba ne ya zaɓi abinci mai kyau, aikin yaro ne ya nuna inda cikinsa ya tsaya. Ɗure, wato danne yaro a toshe masa hanci a zuba masa kunu, ya saɓa wa wannan, yana kuma iya tura kunu cikin huhu.

Me 'ya'yan itace ke ba jiki?

Abu na farko shi ne bitamin A. Launin rawaya da ja-ja da ke cikin nunannen mangwaro da gwanda ya samo asali ne daga wani sinadari mai suna karotin, wanda jiki ke sarrafa shi ya koma bitamin A. Wannan bitamin ne ke taimaka wa ido gani a duhu-duhu, yana kuma ƙarfafa fatar da ta shimfiɗe cikin hanji da huhu, wadda ita ce katangar farko da ƙwayoyin cuta ke cin karo da ita. Ƙarancinsa ne ke kawo dundumi, kuma yaron da ya rasa shi ya fi jigata idan ƙyanda ko gudawa ta kama shi. Karotin a cikin mai yake narkewa, ba a ruwa ba. Da yake nonon uwa na da mai, ba jariri gwanda kusa da lokacin shan nono na taimaka wa jiki ya amfana da ita. Wannan bai hana a kai yaro a ɗiga masa ƙwayar bitamin A da ake ba yara 'yan wata 6 zuwa 59 a asibiti ba.

Abu na biyu shi ne bitamin C. Tun a 1747 wani likitan sojan ruwa na Birtaniya, James Lind, ya gwada magunguna daban-daban a kan matuƙa jirgi 12 masu fama da ciwon zubar jinin dasashi, sai waɗanda aka ba lemo suka riga kowa murmurewa. Sai bayan kusan shekara 180 ne aka ware sinadarin da ya yi wannan aiki. Ga jariri, bitamin C na da wani amfani na musamman. Ana haihuwar jariri da ajiyar sinadarin ƙarfe, wanda ake gina jini da shi, amma ajiyar takan yi ƙasa a wajen wata 6. Gero da dawa na da wannan sinadari, sai dai akwai wani sinadarin a cikinsu da ke ɗaure shi ya hana hanji tsotse shi. Bitamin C na kwance wannan ɗauri. Ke nan 'yar gwandar da aka ba jariri bayan kunun gero tana ƙara wa kunun daraja.

Ga kimanin abin da ke cikin giram 100 na naman kowane ɗan itace:

Gwanda: bitamin C miligiram 61, kuzari kalori 43.
Mangwaro: bitamin C miligiram 36, kuzari kalori 60.
Lemon zaƙi: bitamin C miligiram 53, kuzari kalori 47.
Ayaba: bitamin C miligiram 9, kuzari kalori 89.
Kankana: bitamin C miligiram 8, kuzari kalori 30.

Jariri ɗan wata 7 zuwa 12 na bukatar wajen miligiram 30 na bitamin C a yini bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan aka duba lissafin sama, za a ga giram 50 na gwanda, wato yanka biyu ko uku, sun kai wannan adadi.

Sai dai a kula da wani abu. Cikin jariri ƙarami ne, abin da yake ɗauka bai wuce mililita 30 a kan kowane kilo na nauyinsa ba. Jariri mai kilo 8 cikinsa na cika da mililita 240, kwatankwacin kofin shayi guda. Ɗan wata 6 zuwa 8 na bukatar kimanin kalori 200 a yini daga abinci ban da nono, ɗan wata 9 zuwa 11 kuwa kalori 300. Idan aka cika masa ciki da kankana, wadda fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, ba zai sami wurin kunu mai kauri ba. Saboda haka 'ya'yan itace ƙari ne, ba su maye gurbin kunun da aka haɗa da gyaɗa ko wake, ko ƙwai, ko garin busasshen kifin da aka tankaɗe ƙayarsa, wanda Allah ya huwace wa mutanen bakin kogi.

Hanyar iska da hanyar abinci

A cikin wuya akwai bututu biyu. Na gaba shi ne hanyar iska da ke zuwa huhu, na baya kuma hanyar abinci da ke zuwa tumbi. A bakin hanyar iska akwai wani ɗan murfi da ke rufewa duk lokacin da aka haɗiye abu. Idan mutum na dariya, ko kuka, ko gudu, ko yana kwance yayin da abinci ke bakinsa, abincin na iya riga murfin, ya faɗa hanyar iska. Abin da ake kira ƙwarewa ke nan, idan kuwa ya toshe hanyar baki ɗaya, ya zama shaƙewa.

Jariri ya fi babba shiga wannan haɗari saboda dalilai uku. Hanyar iskarsa siririya ce, ba ta kai kaurin ƙaramin yatsansa ba. Tarinsa ba shi da ƙarfin fito da abin da ya maƙale. Sannan haƙoran gaba, masu gutsura, su ke fara fitowa a wajen wata 6 zuwa 10, alhali turame, masu niƙa, ba sa fitowa sai bayan ya shekara. Wato yana iya gutsuro abin da ba zai iya taunawa ba.

Daga nan za a gane cewa abu mafi haɗari shi ne mai tauri, mai siffar ƙwallo, mai santsi. Idan muka duba 'ya'yan itatuwan dajinmu, da yawansu haka suke: magarya, da kurna, da kanya, da ɗinya, da aduwa, duk suna da ƙwallo mai tauri. Haka ma dabino da ƙwallonsa, da inabi, da gyaɗa, da aya, da gugguru. Kada a ba jariri ɗaya daga cikinsu a yadda yake. Gwaba kuwa, ko da yake ta fi duk waɗanda aka lissafa bitamin C, tana da tauri da 'ya'ya masu ƙarfi, saboda haka sai wadda ta nuna luguf, a fere ta, a cire 'ya'yan, a dame ta.

Akwai gwaji mai sauƙi na gane laushi. A matse yankan tsakanin babban yatsa da manuniya. Idan ya murƙushe ba tare da an sa ƙarfi ba, dasashin jariri zai iya da shi. Idan ya ƙi, ko ya tsalle ya kuɓuce, bai dace ba.

Wani bincike da aka yi a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan, wanda aka wallafa a 2016, ya bi diddigin jarirai 206. An gano cewa waɗanda aka bari suna ci da hannunsu, bayan an koya wa iyayensu yadda za su kauce wa abinci mai haɗari, ba su fi waɗanda ake ba abinci a cokali yawan shaƙewa ba. Wato haɗarin ba daga hannun jariri yake ba, daga abin da aka sa a hannun yake.

Ruwa, ƙuda da zafi

Sau da yawa akan ji uwa ta ce, “Kada ki ba shi mangwaron nan, zawo yake sawa.” Wasu kuma kan ce haƙori ne ke kawo zawo. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar farko, domin cin nunannen mangwaro da yawa na iya sassauta bayan gida saboda sukari da zaren da ke ciki. Amma gudawar da ke zuƙe yaro, ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta. Abin da ya sa ake ɗora wa mangwaro laifi shi ne, yana nuna ne a lokacin da ƙuda ya yi yawa, ruwan rijiya ya ja baya, zafi kuma ke saurin lalata abinci. Haƙori ma yana fitowa ne a watannin da jariri ke rarrafe yana kai komai baki.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ya taru a bayanta ya miƙo arewa har kusa da Yelwa, kuma rayuwar dubban jama'a, Gungawa da Kambari da Hausawa da sauransu, ta rataya a kansa. A bakin ruwa ake wanka da wanki, a nan dabbobi ke sha, kuma da damina ta sauka ruwan sama na wanko ƙazantar tudu ya zubo ciki. Ruwa na iya zama garau a ido alhali yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara ko na taifot. Wanke ɗan itace da irin wannan ruwa ƙara masa datti ne. Ruwan da za a yi wa jariri aiki da shi, a tafasa shi har ya yi minti 1 yana ɓararraka, a bar shi ya huce a rufe, a kuma riƙa ɗiba da moɗa mai tsabta.

Ana wanke ɗan itace ne kafin a yanka, ko da za a fere ɓawon. Dalili shi ne, wuƙa na kwasar abin da ke bayan ɓawo ta shigar da shi ciki. Da zarar an yanka kuwa, an buɗe wa ƙwayoyin cuta rumbu mai ruwa da sukari. A yanayi mai ɗumi, wasu nau'o'in bakteriya na rabewa biyu duk bayan minti 20. Ƙwaya 1 za ta zama 8 a awa 1, ta zama 64 a awa 2, ta haura miliyan 2 a awa 7. Shi ya sa ƙa'idar masana abinci ta ce kada yankakken ɗan itace ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32, kada ya wuce awa 1. A bazarar Yauri, ƙa'ida ta biyu ce ke aiki. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ba a saya wa jariri yankakkiyar kankana ko gwanda da ta yini a faranti a bakin titi.

Idan gudawa ta kama jariri, a ci gaba da shayar da shi, a ba shi ruwan gishiri da sukari na cikin leda da ake samu a asibiti da kantin magani, tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, a kuma garzaya asibiti idan idonsa ya faɗa ko ya ƙi shan nono. Tun daga 2022 Nijeriya ta sa rigakafin rota, wata ƙwayar cuta da ke kan gaba wajen sa jarirai gudawa, cikin jerin rigakafin da ake yi wa yara.

Nuna ta gaskiya da nunar dole

Ɗanyen mangwaro ko ayaba cike yake da sitaci. Yayin nuna, ɗan itacen na fitar da wata iska mai suna etilin, wadda ke tayar da sinadaran da ke mayar da sitaci sukari, su kuma sassauta nama. Wannan ne sirrin lulluɓe ɗanyar ayaba a kwando: iskar na taruwa, sai nuna ta yi sauri.

Wasu 'yan kasuwa kan yi gaggawa su sa kabayid, wato farin dutsen nan da masu walda ke amfani da shi. Idan ya sha laima yakan fitar da wata iska mai kwaikwayon etilin, sai ɓawo ya yi rawaya alhali ciki bai gama nuna ba. Kabayid na kasuwa na iya ɗauke da gubar asenik da fosfaras, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗin jama'a a kansa. Daga cikin alamun da ake lura da su akwai launi mai kyau a waje amma ciki da tauri da tsami, da rashin ƙamshi, da ɓurɓushin farin gari a jikin ɓawo. Ga jariri laifin biyu ne, ga guba ga tauri. Mafi aminci shi ne na bishiyar gida, ko wanda aka sayo da ɗan sauran nuna ya ƙarasa a ɗaki. Wanda ya faɗo ƙasa ya fashe, ko jemage ya gutsura, a bar shi.

Yadda ake shiryawa

Kayan aiki: nunanniyar gwanda, ko ayaba, ko mangwaro marar yawan zare; wuƙa; faranti; faifai ko murfi; sabulu; tafasasshen ruwa da ya huce.

1. Ka wanke hannunka da sabulu na tsawon daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Ka wanke na jaririn ma.

2. Ka wanke wuƙa da faranti. Wuƙar da aka gyara kifi ko nama da ita ba ta taɓa abincin jariri sai an wanke ta da sabulu.

3. Ka wanke ɗan itacen kana murza bayansa. A mangwaro, ka kula da wajen gindi, domin ƙaron da ke fita a nan na iya sa wa fatar bakin jariri ƙuraje.

4. Ka fere ɓawon duka, ka cire ƙwallo, da 'ya'yan gwanda ko na kankana ɗaya bayan ɗaya. Idan lemo ne, a cire farar fatar da ta rufe kowane ɓari.

5. Ga ɗan wata 6 zuwa 8, ka yanka dogo-dogo, tsawon yatsanka, faɗin yatsa biyu. Ayaba, idan ka tura yatsa a tsakiyarta, takan rabe gida uku a tsaye, kuma waɗannan ba su cika santsi ba. Kada a yanka ta zagaye-zagaye kamar kwabo. Ga ɗan wata 9 zuwa sama, ana iya yin ƙananan gutsattsari masu faɗi, ba masu siffar ƙwallo ba.

6. Ka yi gwajin matsewa da aka bayyana a baya.

7. Kada ka ƙara sukari, ko gishiri, ko yaji. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, domin tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta mai shanye jijiyoyi, wadda hanjin jariri bai isa ya yaƙe ta ba. Kada kuma a matse ruwan a ba shi a kwalba, ya ci naman ya fi.

8. Ka zaunar da shi a miƙe a kan tabarma mai tsabta ko a cinyarka, ka sa yanka biyu kawai a gabansa, sauran a rufe. Kada ka tura masa a baki.

9. Ka zauna kana kallonsa har ya gama. Wannan ba lokacin duba waya ko zuwa aike ba ne. Da ya gama, ka tabbata bai ɓoye saura a kumatu ba kafin a kwantar da shi ko a goya shi.

Idan sabon abu ne, a fara da nau'i guda, a lura ko zai kawo ƙuraje, ko kumburin leɓe, ko amai. Idan jariri ya ture, kada a fid da rai, wani ɗanɗanon sai an gwada sau 8 ko 10 kafin yaro ya saba.

Idan abu ya maƙale

Wajibi ne mai raino ya bambance kakari da shaƙewa. A kakari, jariri na tari da ƙara, fuskarsa ta yi jawur, ya turo harshe. Jikinsa ne ke kare kansa, sai a natsu a bar shi ya fitar. A shaƙewa kuwa shiru ake ji: ba kuka, ba tari mai sauti, leɓe da harshe su fara sauya launi. Ƙwaƙwalwa na fara lalacewa idan ta yi minti 4 zuwa 6 ba iska. Daga ƙauyen bakin tafki ko na tsibiri zuwa asibitin Yelwa ya fi haka nesa ba kusa ba, saboda haka wanda ke wurin shi ne likitan farko.

Ka ƙwala kira a kawo ɗauki. Ka kifa jaririn a kan damtsenka, kana tallafe da haɓarsa, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa. Ka buga tsakanin kafaɗunsa da tudun tafin hannu sau 5. Idan abin bai fito ba, ka juya shi rigingine, ka danna tsakiyar ƙirjinsa, ƙasa kaɗan da layin nonuwa, sau 5. Ka yi ta maimaitawa. Kada ka zura yatsa kana lalube, domin kana iya tura abin ciki. Kada ka ba shi ruwa, kada kuma ka matsa cikinsa kamar yadda ake yi wa babba. Ko abin ya fito, a kai shi asibiti a duba. Yana da kyau malamai su gayyato ma'aikacin lafiya ya nuna wa ɗalibai wannan a aikace da 'yar tsana.

Gwaje-gwaje a aji

Gwaji na 1: A yanka ɗanyar ayaba da nunanniya, a ɗiga wa kowace ruwan aidin. Ɗanyar za ta yi shuɗi mai duhu saboda sitaci, nunanniyar kuwa kaɗan za ta sauya. A zubar da su bayan gwaji, kada a ci.

Gwaji na 2: A sami ɗanyen mangwaro biyu daga bishiya guda. A sa ɗaya a jakar takarda tare da nunanniyar ayaba, ɗayan a wata jakar shi kaɗai. A riƙa dubawa kullum ana rubuta launi da laushi.

Gwaji na 3: A yanka ayaba biyu, a shafa wa ɓari guda ruwan lemon tsami. Bayan minti 30 a kwatanta launinsu. Baƙin da ayaba ke yi aikin wani sinadari ne da ke haɗuwa da iskar oksijin, tsami kuma na rage masa ƙarfi.

Kammalawa

Mun ga cewa gwanda da mangwaro da ayaba da ke kusa da mu na ɗauke da abin da idon jariri da jininsa da hanjinsa ke bukata, muddin ya cika wata 6, ɗan itacen ya nuna da kansa, an wanke shi da ruwa mai kyau, an yanka shi daidai da hannunsa, kuma akwai babba a gefensa. Ɗalibin da aka bar wa raino, amana ce aka ba shi. Idan ya koma gida yau, ya ce, “Inna, bari in wanke wuƙar tukuna,” to ya fara aiki da abin da ya karanta. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Tambayoyi

1. Kawo alamu uku da ke nuna jariri ya isa ya fara ci da hannunsa.

2. Giram nawa na mangwaro zai ba jariri miligiram 30 na bitamin C?

3. Idan ƙwayoyin bakteriya 10 suka sauka a kan yankakkiyar kankana, nawa za su zama bayan awa 2?

4. Bayyana dalilin da ya sa fitowar haƙoran gaba kafin turame ke ƙara haɗarin shaƙewa.

5. Lissafa 'ya'yan itatuwa 10 da ake samu a garinku, ka raba su gida biyu: waɗanda suka dace da ɗan wata 8 da waɗanda ba su dace ba, tare da dalili.